Yadda na gyara FreeBSD-CURRENT ɗina da ya ƙi tashi

Ranar Asabar na yi git pull a /usr/src don sauko da sabon source code na FreeBSD-CURRENT, wato reshen tsarin gudanar da kwamfuta na FreeBSD da ake kan haɓakawa, na saka buildworld (sake gina tsarin daga source code) a tsohuwar ThinkPad ɗina nan gida a Tudun Wada, Gombe, ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, batir ma ya mutu. Da wuta ta dawo na ci gaba, sai kuskure kan kuskure. Dole na share /usr/obj, inda ake tara abin da aka gina, kaf na faro daga farko, ya kwana yana yi fanka na ta kuka.

Bayan asuba na saka sabon kernel, wato zuciyar tsarin, na sake kunnawa, wallahi gabana ya faɗi, allo ya tsaya cik. Ashe drm-kmod ne mai kula da allo, a kan tsohon kernel aka gina shi, shi kuwa CURRENT kullum cikinsa canzawa yake, dole su tafi tare. A loader, menu ɗin da ke fitowa lokacin kunnawa, na zaɓi kernel.old (tsohon kernel) ta tashi, na cire layin i915kms (direban allon Intel na drm-kmod) daga fayil ɗin saiti rc.conf, na koma sabon kernel na sake gina drm-kmod daga ports (tarin manhajojin FreeBSD da ake ginawa daga source code), na mayar da layin. Alhamdulillahi allo ya dawo tas. Yanzu na saka drm-kmod a saitin PORTS_MODULES cikin fayil ɗin make.conf, duk buildkernel (gina kernel) tare suke ginuwa.