Babi na Shida: Idan Hannu Ya Yi Kuskure Wajen Rubuta Kalmar Sirri

A babin da ya gabata mun koyi cewa ma'ajin kalmar sirri manhaja ce da ke riƙe muku sunan shiga da kalmar sirrin kowane shafin intanet, ta kuma cika su da kanta idan kun koma shafin. Wani ma'ajin a cikin burauza yake, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kamar na Google da ke cikin Chrome, wani kuma sai an ɗora shi daban, kamar Bitwarden da 1Password da KeePass. Sai dai akwai ranar da mutum zai rubuta kalmar da hannunsa, ko don wannan ne shigarsa shafin na farko, ko don ya canza ta a wata na'urar. A nan ne na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe, shi ya sa za mu tafi a hankali.

Darasi na 1: Ku jira ƙofa ta buɗe

Ma'aji bai san kalmar da ke ranku ba, abin da yatsunku suka rubuta kawai yake gani. Idan kun danna maɓallin shiga, yakan lura ko shafin ya canza, ko akwatunan rubutu sun ɓace, sai ya ɗauka an shiga. Sau da yawa yana dacewa, amma wani lokaci yakan fito da tambayarsa alhali shafin ya ƙi kalmar. Tambayar tana zuwa ne a ɗan akwati, a sama ko a ƙasan allo. Idan kun ga an rubuta "Save", ana tambayarku ne ko a adana kalmar. Idan kun ga "Update", ana tambayarku ne ko a cire tsohuwar da ke ajiye a sa wadda kuka rubuta yanzu a madadinta.

Ga abin da za ku yi. Ku rubuta sunan shiga, ku rubuta kalmar sirri, ku danna maɓallin shiga, sannan ku janye yatsanku daga allon. Ko akwatin tambaya ya fito, kada ku taɓa shi tukuna. Ku dubi abin da ke bayansa. Idan kun ga sunanku, ko hotonku, ko saƙonninku, to ƙofa ta buɗe, yanzu ne za ku danna adanawa. Idan kuma har yanzu akwatunan nan biyu suna nan suna jiranku, ko wani jan rubutu ya bayyana a ƙarƙashinsu, to shafin ya ƙi kalmar, sai ku rufe akwatin tambayar ba tare da kun adana komai ba.

Bari in sake faɗa, domin sau ɗaya ba ya isa. Ku shiga tukuna, ku ga asusunku da idonku, sannan ku adana. Ba laifi ba ne mutum ya yi kuskuren rubutu. Ni ma da nake koyar da ku ina yi, kuma wanda ya fara riƙe waya a shekarun girma ya cancanci a yaba masa, ba a yi masa dariya ba. Kuskuren rubutu ana gyara shi nan take, amma kuskuren da aka adana shi ne zai riƙa dawo muku kullum, tunda ma'ajin zai ci gaba da cika shi a duk lokacin da kuka buɗe shafin.

Na taɓa zama kusa da wata dattijuwa a aji, ta rubuta harafin O a inda ya kamata ta sa sifili. Shafin ya ƙi, jan rubutu ya fito, amma idonta yana kan ɗan akwatin da ya taso, kafin in buɗe baki ta riga ta danna "Update". Na ce mata, "Hajiya, ai ba ki shiga ba tukuna." Ta ce, "Malam, ai shi ya tambaye ni." Gaskiyarta, ya tambaye ta, amma ba kowace tambaya ake amsawa da to ba. Kalmarta ta gaskiya da ke ajiye ta tafi, ta kuskure ta maye gurbinta, muka shafe sauran lokacin darasin muna neman sabuwa.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne, wasunku sun ji wannan bayani sau uku, sau huɗu, amma da zarar akwati ya fito sai yatsa ya riga ido. Wa yake korar ku? Akwatin ba zai ci ku tara ba idan kun bar shi yana jira, kuma ko ya ɓace, kuna iya shigar da kalmar cikin ma'ajin daga baya. Ku karanta kafin ku danna, ku ga asusunku kafin ku adana.

Darasi na 2: Inda kuskure ke ɓuya

A gefen akwatin kalmar sirri galibi akwai ɗan hoton ido. Ku danna shi, ɗigo-ɗigon za su koma haruffa, ku karanta su ɗaya bayan ɗaya. Babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne a kalmar sirri. Sifili yana kama da O, lamba 1 tana kama da ƙaramin l da babban I. Waya kuma takan ƙara tazara a ƙarshen adireshin imel idan kun zaɓe shi daga kalmomin da take ba da shawara. Kada ku yi ta gwadawa babu ƙaƙƙautawa, domin shafuka da yawa suna kulle asusu na ɗan lokaci bayan kuskure ya yawaita.

Darasi na 3: Idan an riga an adana kuskure

Ku buɗe ma'ajin, ku nemi sunan shafin, ku gyara kalmar da hannu. Wasu ma'ajin suna riƙe tsofaffin kalmomi: Bitwarden yana ajiye biyar na ƙarshe na kowane shafi, 1Password da KeePass ma suna da tarihin abin da aka canza. Idan ba ku samu ba, ku danna wurin da shafin ya tanada don wanda ya manta kalmarsa. Idan kuwa sunan shiga ne kuka kuskure, za ku ga shafi ɗaya ya fito sau biyu a ma'ajin, sai ku goge na bogin.

Darasi na 4: Kuskure a adireshin shafi

Ma'aji yana gane shafi ne da adireshinsa. Idan ya saba cika muku kalma amma yau ya yi shiru, ku duba adireshin da kyau, domin 'yan damfara suna buɗe shafuka masu bambancin harafi ɗaya da na gaskiya. Kada ku rubuta komai a can.

Aikin gida

Ku buɗe ma'ajinku, ku duba ko akwai shafin da ya fito sau biyu, ku zo da sunansa a rubuce.