Kurakuran da ɗaliban lauya suka fi yi a darasin dokar kwantiragi da yadda ake gyara su

Dokar kwantiragi tana cikin darussan da ɗalibin lauya yake haɗuwa da su a shekararsa ta biyu a jami'a, kuma ita ce take fara nuna masa cewa karatun shari'a ya sha bamban da wanda ya saba da shi tun daga sakandare. Na daɗe ina zama da ƙannenmu masu wannan karatu a nan Jos, musamman idan jarrabawa ta matso, muna bin tsofaffin tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda yara masu ƙwazo, waɗanda ba sa fashin lacca, suke fitowa da sakamakon da bai kai wahalarsu ba. Kurakuran kusan iri ɗaya ne kowace shekara, kuma mafi yawansu tushensu guda: ɗalibi yana ɗaukar darasin a matsayin hadda, alhali abin da ake nema a wurinsa shi ne ya ɗauko dalilin hukuncin da aka yanke a kan wani labari, ya auna sabon labari da shi.

Haddar sunayen shari'o'i ita ce ta fi cin ɗalibai. Wata ɗaliba ta taɓa nuna mini ƙaramin littafinta, ta jera sunayen shari'o'i sama da ɗari da jan biro, kowanne da shekararsa a gefe, tana biya su da asuba kamar mai tilawa. Na tambaye ta shari'ar Carlill da kamfanin Carbolic Smoke Ball, nan take ta ce ta 1893 ce, kuma matar da ta kai ƙarar, wato Carlill, ita ce ta yi nasara. Da na ce mata me ya sa ta yi nasara, tunda talla ce kawai kamfanin ya buga a jarida, kuma a ƙa'ida talla ba tayi ba ce, sai ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, ai haka kotu ta yanke." To a nan makin yake zubewa. Kamfanin ya yi alkawarin fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da maganinsa sau uku a rana har mako biyu kuma mura ta kama shi, sannan ya ƙara da cewa ya ajiye fam 1,000 a banki don a san da gaske yake. Wannan ajiya ita ce ta nuna wa kotu cewa maganar ta wuce zuzuta haja, kuma wanda ya cika sharaɗin ya karɓi tayin da aikinsa, ba sai ya aika wa kamfanin da saƙo ba. Gyaran shi ne ɗalibi ya rage yawan sunaye, ya rubuta wa kowace shari'a labarinta a taƙaice, da tambayar da aka sa wa kotu, da amsarta, da dalilin amsar. Daga nan sai ya sauya abu ɗaya a labarin ya tambayi kansa: da babu maganar ajiyar banki, shin hukuncin zai tsaya yadda yake? Wanda ya iya amsa wannan ya mallaki shari'ar, ko da shekararta ta kuɓuce masa a ɗakin jarrabawa.

Babin tayi da karɓa yana rikita ɗalibai da yawa, kuma abin yana ba ni mamaki, domin duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwar Farin Gada ya san rabin babin tun kafin ya shiga aji. Mai tumatir ya jera kwandunansa, amma jerawar ba ta ɗaure shi ya sayar wa duk wanda ya nuna kwando ba. Mai saye ne yake tayawa, mai kaya kuma ya ce albarka idan kuɗin bai yi masa ba, ko ya ce na sallama, a nan ne ciniki yake faɗawa. Abin da kotun Ingila ta tabbatar ke nan a shari'ar kantin magani na Boots a 1953: kayan da aka jera a kanta gayyata ce a zo a taya, mai saye ne yake yin tayin idan ya kai kayan wurin biya. Haka shari'ar Hyde da Wrench ta 1840, inda mai gona ya nemi fam 1,000, mai saye ya ce zai ba da 950, aka ƙi, sannan ya dawo ya ce ya amince da dubun. Kotu ta ce babu ciniki, domin sabon tayin da ya yi ya kashe na farko. Kuskuren ɗalibai shi ne su ga kalmar amincewa a cikin tambaya su yanke cewa kwantiragi ya ƙullu, ba tare da sun duba ko an ƙara wani sharaɗi a cikin amincewar ba, ko kuma tambaya ce kawai mai saye ya yi, kamar ya ce ko za a yarda ya biya kashi biyu, wadda ba ta kashe tayi. Shiru ma ba karɓa ba ne, kamar yadda shari'ar Felthouse da Bindley ta 1862 ta nuna a kan cinikin doki.

Inda kasuwa take taimakon ɗalibi Bahaushe, akwai inda tarbiyyarsa da karatunsa na fiƙihu suke ja masa kuskure idan bai lura ba, wato babin abin musaya, wanda ɗalibai suke kira konsidareshan. Mun tashi muna jin cewa alkawari kaya ne, kuma wanda ya yi karatun zaure ya san cewa a mazhabar Malikiyya kyauta tana lazimtar mai ita da furuci, ko da yake ba ta cika sai an karɓe ta. Dokar kwantiragi da muka gada daga Ingila ba ta bi ta nan ba. A wurinta, alkawarin da ba a ba da komai a madadinsa ba, kotu ba ta tilasta cika shi, sai dai in an yi shi a takarda mai hatimi bisa ƙa'idar da doka ta tanada. Idan kawu ya yi wa ɗan 'yar'uwarsa alkawarin babur ranar da ya ga dama, sannan ya fasa, abin kunya ne a cikin dangi, amma ba ƙarar kwantiragi ba ce. Na sha ganin takardar ɗalibi ya cika shafi yana bayanin rashin kyawun saɓa alkawari, maganarsa gaskiya ce, sai dai ba ita aka tambaye shi ba. Ban ce ɗalibi ya ajiye abin da ya sani na addini ba, domin zai yi masa amfani ƙwarai a darasin shari'ar Musulunci, kuma kwatanta tsarin biyu yana ƙara fahimta. Abin da nake cewa shi ne ya san a wane tsari tambayar take kafin ya ɗora biro.

A cikin babin nan ma akwai wurare biyu da ake yawan zamewa. Ɗalibai suna zaton dole abin musayar ya yi daidai da darajar abin da aka karɓa, alhali kotu ba ta auna riba ko faɗuwar ciniki, ta amince da hayar fam 1 a shekara a shari'ar Thomas da Thomas ta 1842. Sannan suna manta cewa aikin da aka riga aka gama kafin a yi alkawari ba ya zama abin musaya. Wanda ya taimaki maƙwabcinsa kwashe dankali don zumunci, bayan mako guda maƙwabcin ya ce zai ba shi buhu biyu, a ƙa'ida ba shi da abin kamawa, sai in tun farko an nemi aikin ne a yanayin da kowa ya san za a biya.

Kuskure na gaba intanet ta ƙara masa ƙarfi. Ɗalibi zai sauko da bayanan da aka rubuta wa ɗaliban Ingila, ya haddace, ya zo ya kafa hujja da dokar da ba ta aiki a Nijeriya. Dokokin majalisar Ingila da muka gada su ne na gama-gari waɗanda suke aiki a can ranar 1 ga Janairu, 1900, irin su dokar sayar da kaya ta 1893, kuma ko su ɗin wasu jihohi sun maye gurbinsu da nasu. Dokar da Ingila ta yi a 1999, wadda ta ba mutum na uku damar neman haƙƙi a kwantiragin da ba ya cikinsa, ba tamu ba ce, don haka a nan ƙa'idar shari'ar Dunlop da Selfridge ta 1915, wato wanda ba ya cikin kwantiragi ba ya iya neman haƙƙi a cikinsa, ita ce mafari, tare da keɓance-keɓancen da aka sani. Tun 1963 aka daina ɗaukaka ƙara daga Nijeriya zuwa Landan, kuma hukuncin kotunan Ingila na yau shawara ne mai nauyi kawai, wanda yake ɗaure kotunanmu shi ne na Kotun Ƙoli ta Nijeriya. Saboda haka duk ƙa'idar da ɗalibi ya koya daga shari'ar Ingila, ya nemi inda kotunanmu suka yi aiki da ita. Kundin rahoton shari'o'i na mako-mako da marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985 an yi shi ne don irin wannan bincike, kuma awa guda a laburaren tsangaya da shi ta fi kwana guda a waya. Batun shekarun balaga misali ne mai kyau: shari'ar Labinjoh da Abake ta 1924 ta tsaya a kan shekara 21, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 kuma ta ɗauki wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, don haka amsa mai kyau takan ambaci duka biyun ta kuma duba dokar jihar da labarin ya faru.

Wasu kuma suna ɗauka babu kwantiragi sai da takarda da sa hannu. Yarjejeniyar baka tana ɗaure mutum, wahalarta dai tabbatarwa ce a gaban kotu. Rubutu yana zama sharaɗi ne a wasu wurare, kamar cinikin fili a ƙarƙashin dokar da aka gada, ko da yake cinikin fili na gargajiya yana inganta da biyan kuɗi da shaidu da miƙa filin. Kada kuma a manta da dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa marubucin takarda ya sa sunansa da adireshinsa, alamar cewa an karanta wa mai ita an fassara masa kafin ya dangwala.

Duk wannan ilimi yana tashi a banza idan ɗalibi bai iya amsa tambayar labari ba, kuma ina ganin a nan ne aka fi asarar maki. Za a ba da labari cewa wata 'yar kasuwa a Jos ta yi yarjejeniya da mai mota ya kai mata buhun dankali ɗari zuwa Abuja a kan kuɗi kaza, ta ba da kafin alƙalami, kafin ranar tafiya farashin mai ya tashi, mai mota ya ce ba zai je ba sai an ninka masa, a ƙarshe a ce ka ba ta shawara. Ɗalibi da yawa zai fara da ma'anar kwantiragi, ya jero rukunansa, ya yi shafi biyu bai ambaci matar ba. Mai duba takarda ya riga ya san ma'anar, kuma labarin da kansa ya nuna an ƙulla yarjejeniya, don haka jimla ɗaya ta isa a wuce wurin. Abin da ake jira shi ne ɗalibi ya fito da ainihin gardamar, wato ko tsadar mai ta warware yarjejeniyar, sannan ya kawo ƙa'ida, ya ɗora ta a kan labarin, ya faɗa wa matar matsayinta. Ƙa'idar ita ce kwantiragi yana warwarewa idan wani abu da ba laifin kowa ba ya sa cika shi ya gagara, ko ya mayar da shi wani abu dabam da wanda aka ƙulla, kamar ɗakin taron da gobara ta cinye a shari'ar Taylor da Caldwell ta 1863. Ƙarin tsada kaɗai bai kai nan ba, kamar yadda shari'ar Davis Contractors da Fareham ta 1956 ta nuna. Mun ga yadda kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuma tausayin mai motar yana iya jan ɗalibi, amma dole ya rubuta cewa ƙin tafiyar saɓa yarjejeniya ne. Amsa mai ƙarfi takan kawo hujjar da lauyan mai motar zai iya kafawa, sannan ta nuna inda ta gaza.

Daga nan sai maganar diyya, babin da yake zuwa a ƙarshen zango na biyu lokacin da kowa ya gaji, shi ya sa ɗalibai suke tsallake shi ko su rufe amsa da cewa matar za ta samu diyya, ba tare da sun faɗi wace iri ba. Manufar diyya ita ce a mayar da wanda aka saɓa wa matsayin da zai kasance da an cika yarjejeniyar, ba a hukunta wanda ya saɓa ba. Shari'ar Hadley da Baxendale ta 1854, a kan ƙarfen injin niƙa da ya karye aka yi jinkirin kai shi wurin maƙera, ta iyakance diyya ga asarar da take biyo bayan saɓawar bisa al'ada, ko wadda ɓangarorin biyu suka san tana iya faruwa tun lokacin ƙulla yarjejeniya. A labarin dankalin, matar za ta karɓi kafin alƙalaminta da bambancin kuɗin da ta biya wata motar. Idan kuma tana da wani ciniki na musamman da wani otal a Abuja wanda ta rasa saboda jinkirin, sai ɗalibi ya koma cikin labarin ya duba ko ta gaya wa mai motar tun farko. Ya kuma duba ko ta yi ƙoƙarin neman wata motar a tasha a kan lokaci, domin doka ba ta biyan asarar da mai ita yake da halin ragewa amma ya zauna dankali ya ruɓe a cikin buhu.