Yadda zaka buga Star Fox Command ba tare da ka yi jifa da DS ɗinka ba

Ni dai Star Fox 64 ne ya raine ni, wanda ya fito a 1997, a gidan gem na unguwarmu na fara ganinsa muna layi ana karɓar kuɗinmu ana ƙirga mana minti, kuma har yau in na rufe ido ina iya tuna inda kowane jirgin abokan gaba yake ɓullowa a Corneria, matakin farko na gem ɗin. To da wannan kan na ɗauki Star Fox Command na Nintendo DS, na'urar gem ta hannu mai sikirin biyu, wanda ya fito a 2006, ina zaton Star Fox 64 ne aka matse aka sa min a aljihu. Wallahi ranar farko ko minti talatin ban yi ba na rufe shi na ajiye, na ce waɗannan mutanen sun ɓata mana abu. Sai bayan wata kusan biyu, ranar da aka ɗauke wuta ba abin yi, na sake buɗe shi, a nan ne na gane ashe ni ne nake buga shi ba daidai ba. Shi wannan gem ɗin a kan taswira ake cin yaƙinsa, harbin da kake ɗokin yi cikon aiki ne kawai.

Fara da na'urar tukunna. Kaset ɗin DS ne, yana yi a DS na farko da DS Lite da DSi, kuma 3DS da 2DS ma suna ɗaukarsa, amma Switch ba ta da ramin da zai shiga, kar wani ya ruɗe ka. In na hannu zaka saya, wanda dai yanzu shi ne kawai ake samu, kafin ka miƙa kuɗi ka gwada sikirin ɗin ƙasa sosai, ka shiga saitin na'urar akwai wurin daidaita taɓawa, ka yi shi a gaban mai kayan. A wani gem ɗin in sikirin ya ɗan karkace zaka iya lallaɓawa, a nan kam babu, don komai da ɗan tsinken taɓa sikirin ɗin nan ake yi, tuƙi da gudu da birki da bom duka. Ni na farkon da na saya gefen dama na sikirin ɗin a mace yake ban lura ba, jirgina in ya tafi kwanar dama sai ya yi kamar an riƙe masa wuya, na daɗe ina zagin gem ɗin alhali laifin na'ura ne. Kuma don Allah ka nemi tsinken na gaske ko mai kan roba, banda biro, banda tsinken sakace, zaka kankare fuskar ne a banza.

Sai riƙo. Tunda kusan kowane botin harbi yake yi, har da L da R da na kibiyoyin nan, hannun da ba ya riƙe da tsinke shi ne mai harbi, bahago ma bai da matsala. Ni na fi jin daɗin L, na ɗora na'urar a kan cinya ko filo don in ka riƙe ta a sama da hannu ɗaya minti ashirin ya isa wuyan hannunka ya fara ƙorafi. Idonka yana sikirin ɗin sama inda jirgin yake, hannunka yana na ƙasa yana ja, kuma na ƙasan shi ne rada. Da farko sai ka ji kamar kana rubutu da ido a rufe, amma kwana biyu hannu zai saba. Ka taɓa rabin sama sau biyu da sauri jirgi ya ƙara wuta, rabin ƙasa sau biyu ya taka birki. Akwai 'yan alamomi a gefe na alkafura da na juyowa baya. Bom kuma ba harba shi ake yi gaba ba kamar da, jawo alamarsa zaka yi ka sauke a daidai inda kake so a kan radar, wanda ni a ganina wannan ɗaya ne daga cikin abubuwan da suka fi na 64, don kana iya tarwatsa tarin da ke bayanka ba sai ka juyo ba.

Yanzu taswirar, inda ni na sha kashi. Kowane aiki yana farawa da Great Fox, babban jirginku wanda mutum-mutumi ROB 64 yake tuƙawa, a zaune a wani gefe, abokan gaba kuma suna tahowa gare shi a hankali. Kai zaka zana wa kowane matuƙi layin da zai bi, layin yana da iyakar tsawo gwargwadon mansa, in ka gama sai ka ba da umarni kowa ya motsa lokaci ɗaya, duk wanda ya ci karo da abokin gaba sai a shiga faɗa. Zagayen da aka ba ka ƙidayayyu ne. Abu uku ne ke kashe ka: zagaye ya ƙare baka gama ba, ko jiragenka su ƙare, ko kuma wani ɗan tsiya guda ɗaya tak ya isa Great Fox. Na ukun nan shi ya fi cin mutane, don mu 'yan 64 mun saba da a ci gaba kawai a ci gaba, sai ka kwashi matuƙanka Fox da Slippy duka ka tura can ƙarshen taswira neman babban nama, ka waiwayo ka ga wani ya lallaɓo ta bayan gida. Don haka kafin ka zana komai ka tsaya ka duba wa ya fi kusa da Great Fox, shi ne farko ko da kuwa shi ne mafi rauni. Kuma kar ka zana layi zuwa inda abokin gaba yake tsaye yanzu, shi ma tafiya yake, zana ta inda zai bi ka tare shi a hanya, in ka iya ma ka lanƙwasa layin ya ɗebo biyu ko uku a zagaye ɗaya.

Wasu wuraren hazo ya rufe taswirar, ana goge shi da tsinke amma ɗan kaɗan ake ba ka a kowane zagaye. Kuskuren da na dinga yi shi ne in tsaya ina goge wuri ɗaya tas kamar mai wanke faranti. A'a, ja siraran layuka ka tsaga hazon, musamman ta hanyoyin da suka nufo Great Fox, da ka hango ɗigon ja ka san inda matsala take. Sansanonin da suke naku kuma in layinka ya bi ta kansu ana ƙara maka mai ka ƙara nisa, sannan akwai makamai masu linzami da ake tsinta a taswirar waɗanda Great Fox ke harbawa, ka ja daga jikinsa ka kai kan tawagar abokan gaba shikenan ta tafi ba sai an yi faɗa ba. Kar ka ɓarar da su da wuri don kana jin ƙyuya, ajiye ko ɗaya ne saboda ranar da wani zai kusa ƙofa kuma duk matuƙanka sun yi nisa.

In an shiga faɗan kuma, manta da hanyar nan miƙaƙƙiya ta 64 wadda gem ke jan ka kai dai harbi. Nan fili ne aka ba ka kana yawo ko'ina, kuma agogo yana ƙirgawa ƙasa, agogon nan shi ne man jirginka, in ya kai sifili ka rasa jirgi. Abin da mutane ba sa ganewa da wuri shi ne ba kowa ake so ka kashe ba. Akwai waɗanda aka nuna maka tun kafin a fara, su ne ke ɗauke da wani abu mai kamar tauraro, in ka harbo su sai ya faɗo ka bi ka ɗauka, da ka tara adadin an gama. Sauran 'yan rakiya ne, in lokaci ya yi maka yawa ka taɓa su don suna sakin kaya, in babu ka wuce abinka. Kuma ka tuna ragowar lokacin da shi zaka shiga faɗa na gaba a wannan aikin, to duk daƙiƙar da ka ɓata kana burga bashi ka ci.

Mirginawa ita ce sirrin gem ɗin gaba ɗaya. Ka goga tsinken hagu da dama da sauri, ko ka yi 'yar da'ira, jirgin zai kama juyi kamar ana murza igiya. Yana cikin haka harsashi ba ya kama shi, kuma duk harbin da ka kaɗe ana ƙara maka lokaci, sannan yana jawo kayan da ke kusa kamar maganaɗisu, har tauraron nan. Wato in agogo ya kusa cinye ka, maimakon ka gudu, gara ka nufi masu harbin ka mirgina a tsakiyarsu. Sai dai yana shan ma'aunin nan da gudu da birki ke sha, in ka ƙarar da shi zaka tsaya tsirara na ɗan lokaci, to ba a yi ta gogawa kamar mahaukaci ba.

Wurare biyu ne zasu sa ka yi ashar in baka shirya ba. Na ɗaya uwar jirgin da ke zaune a kan birni, bayan ka tara taurarin wurin sai a jera maka wasu jajayen murabba'ai a sama ka bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ka mirgina ka faɗa cikinta. In ka manta mirginawar jirginka ne zai tashi aiki, na yi asarar jirage a nan ba adadi saboda ina fara gogawa a makare. Fara tun kana shiga murabba'in ƙarshe. Ribar ita ce in ka 'yanto birnin ana ƙara maka zagaye, shi yasa in lissafi ya ƙi fita sai ka nemi uwar jirgi mafi kusa. Na biyu bin makami mai linzami na abokan gaba, shi ma ta cikin murabba'an zaka bi kana harbinsa, gudun yana ƙaruwa, ka kuskure ɗaya ya tsere ya ci gaba da nufar Great Fox. A nan kar ka ɗaga tsinken daga sikirin, kuma motsi kaɗan kaɗan, masu fizgar hannu su ne ke faɗuwa.

Jiragen ma ba ɗaya ba ne, ka san wa zaka aika ina. Arwing II na Fox tsaka-tsaki ne a komai. Bullfrog na Slippy ba ya kulle abokin gaba, wato saitin da ke sa harbi ya bi shi da kansa, ko kaɗan amma harbinsa da nauyi kuma yana da jimiri, ni da na raina Slippy shekara da shekaru sai ga shi ya zama wanda nake turawa wurin manya. Sky Claw na Falco yana kulle da yawa lokaci ɗaya, ya dace da ƙananan nan masu yawo a tare, amma ba ya ɗaukar duka. Black Rose na Panther harbi ɗaya ne mai ƙarfi a hankali, in saitinka ba kyau zaka sha wuya. Na Leon kuwa, Rainbow Delta, kullewa kaɗai ya iya, sai ka riƙe botin ka saki.

Karon farko da zaka buga labarin kar ka damu da ganin wasu zaɓuɓɓuka da kwaɗo a jiki, dole ne ka bi hanya ɗaya har ka gama da sarkin Anglar, waɗannan halittun da suka fito daga tekun duniyar Venom, sannan a ba ka mabuɗin buɗe su. Ƙarshe 9 ne gem ɗin ke da shi, kuma gaskiya wasu sun yi daɗi wasu kuma kamar an rubuta su da tsakar dare, akwai wanda Fox da Falco suka bar yaƙi suka koma tseren mota, akwai na Dash Bowman jikan Andross, babban mugun Star Fox 64. In ka ga ƙarshen farko ya bar ka da haushi, haka ya bar kowa, koma ka ɗauki wata hanyar, kowace bata da tsawo. Maganar da su Fox ke yi a gem ɗin kuma wani gwalan-gwalan ne ba yare ba, amma akwai wurin da zaka naɗi muryarka da makirfon su dinga yin gwalan-gwalan ɗin da ita, ƙanena ya yi min wannan ban sani ba, na kwana biyu ina mamakin me yasa Falco yake kama da shi.

Buga ta intanet kam ya wuce, Nintendo ta rufe wannan hidimar ta DS tun Mayun 2014, amma in kuna kusa da juna har mutum 6 na iya karawa.

Abin da ya ƙarasa sauke min fushi shi ne da na san waye ya yi shi. Kamfanin Q-Games ne na Kyoto, na Dylan Cuthbert, wanda yana cikin waɗanda suka yi Star Fox na farko a 1993, kuma wannan tsarin taswirar daga Star Fox 2 aka ɗauko shi, wanda aka gama aka ƙi fitarwa sai a 2017 a cikin ƙaramar SNES ɗin nan, tsohuwar na'urar gem ta Nintendo da aka sake fitarwa. Har yanzu dai ina jin zafin rashin miƙaƙƙiyar hanyar, kuma bin makami mai linzami karo na ashirin gajiya ne ba wani abu ba, duk ranar da kewar ta dame ni sai in sa Star Fox 64 3D na 2011 a 3DS in huce. Amma Command ɗin yana nan a jakata, saura ƙarshe biyu ban gani ba, kuma tsinken da nake amfani da shi yanzu shi ne na uku.