Kurakuran da masu jif ke yi wajen sayen man giya

A Katsina ka shiga shagon kayan mota ka ce a ba ka man giya na otomatik, sau da yawa mai shago zai miƙo maka duk galan ɗin da ke kusa da hannunsa. In ka tambaya ko ya dace da motarka, sai ya ce, "Alhaji, ai ja ne, duk ɗaya ne." Wannan magana ta kashe giyar motoci da yawa, kuma ita ce kuskuren da ya fi damuna. Jan nan rini ne da ake sakawa don a bambanta man da baƙin mai idan ya zuba a ƙasa. Abin da ke aiki shi ne kaurin man da sinadaran da ke cikinsa, waɗanda ke sa kulocin cikin giya su kama daidai, kada su sulɓe, kada kuma su cafke da ƙarfi.

Ko a kamfani ɗaya man ya kasu. Toyota na da Type T-IV, wanda tsofaffin jif irin su Lexus RX300 da Highlander na farko-farko ke sha, sannan akwai WS na motocin da suka biyo baya. WS ya fi ruwa-ruwa, kuma ba a musanya ɗaya da ɗaya. Honda CR-V ta daɗe tana amfani da ATF-Z1, daga baya DW-1 ya maye gurbinsa. Hyundai da Kia suna da SP-III da SP-IV. Shi kuwa Dexron III da ya cika kasuwa, wanda wasu makanikai ke zuba wa kowace mota, ma'aunin kamfanin General Motors ne na Amurka, kuma tsoho ne. Gyaran wannan kuskure ba shi da wuya: ciro sandar awon man giya ka duba, a motoci da yawa an rubuta sunan man a jikinta. In babu, duba littafin motar. In motar 'yar Kwatano ce da ta zo ba littafi, ɗauki lambar VIN, wato lambar shaidar motar, da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ka nemi bayaninta a intanet. Ka shiga shago da sunan man a rubuce, ka ga shi a jikin galan da idonka.

Wanda ya fi wannan muni shi ne zuba man otomatik na yau da kullum a giyar CVT. Yawancin Nissan Murano, da Pathfinder na samfurin 2013 zuwa 2020, suna da irin wannan giya, wadda ke aiki da bel ko sarƙar ƙarfe tsakanin wasu kwanuka biyu. Manta daban ne, NS-2 ko NS-3, gwargwadon shekarar motar. Da an zuba mata wani mai, bel ɗin zai fara sulɓi yana cin kwanukan, kuma ɓarnar ba ta komawa baya. Ina roƙon duk mai irin wannan mota ya tsaya a kan makanikensa lokacin da ake zubawa, ko da shekara goma suka yi tare.

Akwai kuma masu ɗaukar man giyar otomatik da mai kaurin nan na aksul, 80W-90, a matsayin abu ɗaya, saboda duk "man giya" ake ce musu. Kowanne da gurbinsa.

Sai maganar jabu. Galan ɗin da ba a liƙe bakinsa da kyau ba, ko mai da ake ɗurawa a gorar ruwa ana sayarwa lita-lita, ka bar shi. Idan farashi ya yi arha fiye da kima, ka tuna arha ba ta ado.

Wasu sun sayi man da ya dace amma awo ya kayar da su. Yawan mai ba gata ba ne: idan ya wuce geji yakan yi kumfa, giya ta riƙa jinkiri tana zafi. Toyota mai sandar awo ana duba ta ne bayan mota ta ɗumama, inji na aiki, giya na kan P, a wuri mai daidai. Tsofaffin Honda kuwa sai an kashe inji a duba nan take. Sababbin motoci da yawa ba su da sanda sam, ana auna su ta wani noti a ƙasan giya, a wani zafi da kamfani ya ƙayyade, don haka aikin na wanda ke da na'urar kwamfuta ne. Kuma ka sani, in aka kwance noti aka juye, abin da ke fita bai cika wuce rabin man ba, saura na maƙale a ciki. Shi ya sa mai mara kyau da aka zuba sau ɗaya ba ya fita da juyi ɗaya, sai an maimaita sau biyu ko uku, ana ɗan tuƙa motar a tsakani.

Kada kuma ka yarda da zancen wai man giya ba a canza shi har abada. Zafi ne ke kashe shi, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan kai digiri 40. Jif ɗin da ke cike da iyali da buhunan hatsi, tana zirga-zirga tsakanin Katsina da Daura ko tana kutsawa cikin rairayin hanyoyin ƙauye, manta na tsufa da wuri. Ɗiga shi a farar takarda ka sansana. In ya yi duhu kaɗan, lokacin canji ya yi. In ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna, ga ɓurɓushin ƙarfe a ciki, kada ka bari a wanke giyar da injin matsa mai. A sauke farantin ƙasa, a duba mataci da maganaɗisun da ke ciki tukuna, kafin ka kashe kuɗi a kan sabon galan.