Matakan da za ka bi idan an ce kana da ciwon hanta nau'in B

1. Kada sakamakon gwajin gaggawa na HBsAg (gwajin jini da ke neman alamar ƙwayar cutar hanta B) ya firgita ka. Kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a tabbatar. Sai ƙwayar ta wuce wata 6 a jini ake cewa ciwon ya zauna.

2. A auna ALT (sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan hanta ta kumbura) da yawan ƙwayar cutar a jini, a yi hoton hanta, a duba ƙoda. Da wannan likita zai san ko ka fara magani ko a dinga duba ka.

3. Idan an ɗora ka kan maganin tenofovir, ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 300 kullum. Tana danne cutar, ba ta kawar da ita, saboda haka kada ka daina don ka ji sauƙi ko don kuɗi sun yanke. Dainawa farat ɗaya na iya tayar da kumburin da zai kashe hanta. Jiƙe-jiƙen tasha kuwa, don Allah ka bar su, nauyi suke ƙara wa hantar.

4. A gwada iyalinka. Wanda ba shi da cutar a yi masa rigakafi, allura 3. Jariri kuma cikin awa 24 da haihuwa.