Yadda ake karanta tsohon gidan Ingila da doka ta kare

Ɗalibin gine-gine a Yamai, ko magini a Tawa, da yake son fahimtar tsohon gidan Ingila ko da a hoto ne, ya fara da rajista kafin ya kalli ado. Hukumar Historic England tana riƙe da jerin gine-ginen da doka ta kare, ana duba shi kyauta a intanet, kuma an kasa su mataki uku: I, II* da II, na ƙarshen ya kwashe sama da kashi 90 cikin ɗari. Ginin da aka yi kafin 1700, muddin bai sauya kama sosai ba, galibi yana ciki.

Daga nan sai a tsaya kan bango. A gidan Little Moreton Hall da ke Cheshire, wanda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16, ginshiƙan katako ne suke ɗauke da gidan, tsakaninsu kuma aka saƙa tsumagu aka yaɓe da laka, aikin da duk wanda ya taɓa yaɓen rumbu a Adar zai gane. Karkatar da bangon ya yi ta samo asali daga dogon ɗakin da aka ɗora a sama daga baya, da rufin dutse mai nauyi.

Tagogi ma suna ba da labari, sai dai a yi hattara da su. Daga 1696 zuwa 1851 ana biyan haraji bisa yawan tagogin gida, shi ya sa wasu masu gida suka toshe nasu da bulo. Amma ba kowace tagar da aka toshe ce shaidar gudun haraji ba, domin akwai waɗanda aka zana haka tun farko don fuskar gidan ta daidaita.

A nemi wuraren da aka yi gyara. Masana suna son a ɗaure tsohon bulo da kwaɓin farar ƙasa, domin siminti yana kulle danshi har bango ya ruɓe daga ciki, illar da muke gani a gidajen laka da aka shafe da siminti bayan damina. Wata dokar Ingila ta 1990 ta hana mai gida taɓa abin da ya shafi tarihin ginin, har da matakala da murhun ɗumama ɗaki, sai da izinin ƙaramar hukuma, kuma wanda ya yi gaban kansa yana iya gurfana a kotu.