Aksul ɗin tirelar jirgin ruwa: yadda ake gane ya kusa mutuwa da yadda ake gyara shi

Ranar da taya ta fita daga tirelarmu a hanyar Lekki zuwa Epe, da jirgi a kai, abin da ya fi damuna shi ne tun sati biyu kafin nan nake jin wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa amma na ce sai mun dawo. Allah ya kiyaye ba kowa a gefen titi, amma wallahi har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Da muka buɗe hob ɗin, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kai, sai muka ga boris (bearing, abin da ke sa taya ta juya sumul) ya narke ya manne da bakin aksul, wato sandar ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin, ƙarfen har ya koma shuɗi saboda zafi.

Toh kusan duk matsalar aksul ɗin tirelar jirgi daga ruwa take farawa. Ka yi tafiyar awa ɗaya hob ya ɗau zafi, kana isowa ka tura tirelar cikin ruwa mai sanyi, iskar da ke ciki ta tsuke sai ta zuƙo ruwa ta sil ɗin baya, wato zoben robar da ke toshe bayan hob. Ruwan ya haɗu da giris, in kuma mai gishiri ne irin na Legas to tsatsa ba ta ɓata lokaci. Shi ya sa in ka iso ka dakata kamar minti 15 zuwa 20, ka kwance igiyoyi ka shirya kaya, hob ya huce tukuna. In kun fito kuma a wanke ƙasan tirelar da ruwan famfo.

Dubawar ba wuya. Ka sa jak a jikin firam, kar ka sa a tsakiyar bututun aksul don lanƙwasa shi za ka yi, ka sa katako ko wani abu mai ƙarfi ya tokare kafin ka kai hannu. Juya tayar ka saurara, in kana jin gurrr boris ya tafi. Kama ta sama da ƙasa ka girgiza, ɗan motsi kaɗan ba komai amma in tana ƙwas ƙwas akwai magana. Cire murfin hob ka kalli giris ɗin, in ya yi fari-fari kamar an zuba madara to ruwa ya shiga. Sannan ka dubi cin tayar, in gefen ciki ne kaɗai yake cinyewa a duka biyun yawanci aksul ɗin ne ya saki saboda lodi, domin sabo yana zuwa da ɗan tankwara sama a tsakiya, nauyi ne ke miƙar da shi. Mutane da yawa suna ganin wannan tankwarar su ɗauka lalacewa ce, a'a haka aka ƙera shi.

In boris ne kawai, cire fin ɗin da ke hana noti kwancewa, kwance noti, zaro hob, ka wanke komai da kananzir. Lambar boris tana rubuce a jikinsa, da ita za ka je kasuwa. Tirelolin da ake shigo da su daga Amurka awonsu inci ne da fam, aksul mai ɗaukar fam 3,500 wato kusan kilo 1,590 galibi L68149 ne a ciki L44649 a waje, ƙananan masu fam 2,000 kuma L44643 ko L44649. Dan Allah ka canza har da kofin da boris ke gudu a ciki, da sabon sil, kar ka sa sabon boris a tsohon kofi. Giris na ruwa za ka nema, ka cusa shi da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, kuma kar ka gauraya iri biyu. Wajen ɗaure noti kana juya hob kana ɗaurewa har ya zauna, sai ka sassauta, ka mayar da hannu kawai, ka sa sabon fin. Ɗaurewa tamau shi ke ƙona boris, na ga wannan ya fi a ƙirga.

Inda nake so a tsaya sosai shi ne bakin aksul ɗin, wato sifindil. Shafa shi da farce. In tabo ne kaɗan samfefa mai laushi za ta ɗauke, in wurin zaman sil ne ya yi rami akwai siririn zobe da ake sawa a kai irin Speedi-Sleeve. Amma in ya yi shuɗi, ko boris yana rawa a kansa, ko ka buga bututun da guduma tsatsa tana zubowa ɓawo-ɓawo, ni dai shawarata a sayi sabon aksul. Za a ce maka a cike da walda a gurza, kuɗin kaɗan ne gaskiya, amma ƙarfen da ya sha wuta ya riga ya yi rauni kuma da wuya ya dawo daidai saiti, ranar da zai karye kana gudu ne da iyalan mutane a bayanka. Ga shi walda a kan ƙarfe mai galbanayiz, wato wanda aka yi wa rufin zinc don hana tsatsa, hayaƙinta na sa zazzaɓi.

In za ka yi odar sabo awo biyu ne ba a kuskurensu: daga fuskar hob zuwa fuskar hob, inda rim ke zama, sannan daga tsakiyar sifirin zuwa tsakiyar ɗaya sifirin ɗin. Ka ƙirga ramukan rim ma, da yawa ramuka 5 ne a kan da'ira mai faɗin inci 4.5. Nauyi kuma kar ka tsaya a na jirgi kaɗai, haɗa da inji, batir, tirelar kanta, da fetur, lita 100 kaɗai ta haura kilo 70. In lissafin ya zo dab da iyakar aksul ɗin ka hau na gaba, misali mai fam 5,200, amma ka sani tayoyi da sifirin da firam su ma suna da tasu iyakar, babban aksul ba ya ƙara musu ƙarfi.

Mai galbanayiz ya fi mai fenti nesa ba kusa ba in ruwan gishiri kake shiga. Akwai kuma na toshon mai roba a cikin bututu maimakon sifirin, yana tafiya da laushi kuma ba ganyen sifirin da zai yi tsatsa, sai dai in robar ta mutu gaba ɗaya ake canzawa, mu kuwa nan sifirin ko a ina ka samu bakanike da zai taɓa shi, shi ya sa na fi karkata gare shi. Murfin hob mai wurin ɗura giris da ake kira Bearing Buddy ma yana taimakawa wajen hana ruwa shiga, amma kar ka yi ta ɗura giris har ya fasa sil ɗin baya.

Yu-bol, wato ƙusoshin nan masu siffar U da ke ɗaure aksul da sifirin, sababbi za ka sa, tsofaffin sun riga sun miƙe. Bayan ka haɗa komai ka yi tafiyar kamar kilomita 15 ka tsaya ka taɓa hob da bayan hannu, ɗumi ba laifi, in ba ka iya ajiye hannu ka koma ka sassauta noti. A wajen kilomita 80 kuma ka sake bin notocin taya da na yu-bol da sifana ɗaya bayan ɗaya.